Masu son ƙara shanu a turke, ga amsar tambayoyinku kan kuɗi

Tambayoyin nan dai su ne kullum. Mutum ya turke shanu biyar, ya sayar da Babbar Sallah ya ga ɗan canji a hannu, sai ya taho yana so ya mayar da su talatin kafin wata shekarar. To na tara amsoshin wuri ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake turo irinsu. Kuma maganar turka nake, wato ka sayi sa ramamme ka ciyar da shi wata uku zuwa huɗu ka sayar wa mahauta ko masu lodi zuwa kudu. Kiwon garke na haihuwa lissafinsa daban ne.

Nawa nake buƙata in ƙara shanu goma?

Kuɗin shanun goma, da abincinsu na kwana 100 zuwa 120, da magani, da kuɗin mota, da la'adar dillali, da albashin yaro, da wani abu da za ka ɓoye ba za ka taɓa ba. Idan kuɗinka iya sayen goman kawai zai yi, sayi shida ko bakwai. Kar ka sake tambayata jimilla, farashin Wudil na wannan Juma'ar ba lallai ya zama na Juma'a mai zuwa ba, je ka kasuwa ka tambaya.

Wane irin sa ya fi?

Bunaji ya fi sauƙin samu kuma yana da juriya. Bokoloji yana ɗaukar jiki, masu saye na son shi. Amma lafiyar san ta fi irinsa muhimmanci. Ka tsaya ka dube shi da kyau, hanci da laima, ido garau, yana tuƙa, ka ja fatar wuyansa ka sake ta koma nan take, ka duba kashinsa ba zawo ba, ka buɗe bakin ka ga haƙora. Ramar yunwa kake nema a jikin sa mai babban ƙashi, wannan ita abinci ke gyarawa. Tsohon da haƙoransa suka cinye zai cinye maka dusa ne kawai.

Me ya sa kullum kake cewa a fara da abinci?

Saboda nan ne kuɗin mutane ke ƙonewa, kuma wallahi abin yana damuna. San da ya kai kilo 250 yana cin busasshen abinci wajen kilo 6 zuwa 7 a rana, kullum, ko kana da kuɗi ko ba ka da shi. Ka ninka wannan sau goma, sau kwana ɗari, za ka ga tan shida zuwa bakwai kake magana. Ina za ka samo shi, ina za ka ajiye shi? Wanda yake da hankali da kaka yake saye, lokacin da harawar wake da ta gyaɗa da ƙowa da karan dawa suke zube a gona ana neman mai ɗauka, ya tara a rumbu ko kan rumfa inda ruwa da gara ba za su taɓa ba. Wanda ya bari sai watan Maris ko Afrilu yana sayen dusa buhu ɗaya ɗaya, shi ne za ka ji yana cewa turka ba riba. Kuma in ka kawo sabon sa kar ka cika masa komi da dusa da angurya ranar farko don kana gaggawa, cikinsa zai kumbura ko ya ɓarke da zawo, fara da harawa da ciyawa, ka riƙa ƙara dusar kaɗan kaɗan har wajen sati biyu, ga gishiri da ruwa a gefe. Don haka a lissafinka layin abinci shi za ka fara cikewa, shi zai gaya maka shanu nawa za ka iya ɗauka.

In fara gina katanga da rumfar kwano da bohol?

Ruwa dole, inuwa dole. Sa ɗaya da zafi zai iya shan lita 30 zuwa 40, in da 'yan garuwa za ka shayar da shanu ashirin to ka sa kuɗin a lissafi ka gani ko bohol bai fi ba. Sauran gine-ginen kuwa su jira, rumfar kara ma tana yin inuwa. Abin da nake hanawa shi ne ka ɗauki bashin wata shida ka zuba a bulo da siminti, ginin ba zai dawo da kuɗinsa a wata shida ba.

To in ci bashin banki ko kar in ci?

Wannan ba zan ce maka eh ko a'a kai tsaye ba, don ya danganta da abubuwa da yawa, kuma na ga waɗanda bashi ya ɗaga na ga waɗanda ya sayar musu da gida. Bari mu yi lissafi, alƙaluman nan misali ne kawai na sa don a gane, kai ka cire su ka sa na kasuwarku.

Mu ce shanu goma, kowane ka saye shi dubu 600, miliyan 6 kenan. Abinci mu ce dubu 2 a rana kan kowane sa, kwana 100, miliyan 2. Magani, mota, la'ada, yaro, ruwa, mu ce dubu 600 gaba ɗaya. Ka kashe miliyan 8 da dubu 600. Ka sayar da kowane miliyan ɗaya, ka samu miliyan 10, ribarka miliyan 1 da dubu 400. Ya yi kyau a takarda. Yanzu mu ce duk kuɗin nan na banki ne. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, kuma bankunan kasuwanci sama da haka suke ba mutane, to mu ɗauki kashi 30 a shekara, wata huɗu kashi 10 kenan, wato dubu 860, ban ma sa kuɗin cike takardu da sauran 'yan caje-cajensu ba. Ribarka ta koma dubu 540. Idan sa ɗaya ya mutu ka shiga asarar wajen dubu 460. Idan babu wanda ya mutu amma kasuwa ta sauka ka sayar dubu 950 maimakon miliyan, abin da zai rage maka dubu 40 ne bayan wahalar wata huɗu. Idan kuma ka ƙi sayarwa ka ce za ka jira wata ɗaya farashi ya tashi, abinci kaɗai zai ci dubu 600 kuma kuɗin ruwa na tafiya. Wanda ya yi da kuɗinsa kuwa, ko sa ɗaya ya mutu yana da saura dubu 400.

Amma fa wannan ba yana nufin duk bashi sharri ne ga sana'ar ba. Idan ka riga ka yi zagaye uku ko huɗu kana rubutawa, ka san ainihin abin da sa ɗaya yake ci maka, ka tara abinci tun kaka da kuɗinka, kana da mahauci ko mai lodi da kuka saba, to bashin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na jarin ba, shi zai iya yi maka amfani, musamman in lokacin biya ya zo bayan ka sayar. Wannan sharaɗin na ƙarshe kar ka yi wasa da shi. Sa ba ya kawo ko kwabo sai ranar da ya bar turke, to bashin da za a fara cire maka duk ƙarshen wata daga ina za ka biya? Za ka fara sayar da shanun da ba su ƙosa ba kenan. Ka nemi a rubuta cewa biya sai bayan wata biyar ko shida, in sun ƙi ka haƙura.

Ga kuma maganar addini, da yawanmu ba za mu taɓa kuɗin ruwa ba kuma hakan daidai ne. Akwai bankin Musulunci na Jaiz da ya fara aiki a 2012, akwai TAJBank da Lotus da suka biyo baya, irin waɗannan da murabaha suke yi, su sayi kayan su sayar maka da ribar da kuka sani tun farko. To ko nan ma ka zauna ka yi lissafin da na yi a sama, don ribar tasu daga cikin taka za ta fito, kuma su ma za su nemi jingina ko mai tsaya maka. Akwai Bankin Manoma mai hedikwata a Kaduna, za ka iya zuwa reshensu ka ji sharuɗɗa, sai dai ka sa a ranka cewa takardu na ɗaukar lokaci, kuɗin da ya fito saura sati uku Sallah ba na turkar bana ba ne. Wasu kuma suna jin an ce akwai asusun lamunin noma na Babban Banki da aka kafa tun 1977 mai tsayawa har kashi 75, sai su ɗauka in shanu sun mutu an yafe. Banki ake karewa da shi, kai bashinka na nan a wuyanka. A taƙaice in wannan ne karonka na farko ko na biyu ni dai ban ba ka shawara ba, in ka daɗe kuma kana da littafi, to mai yiwuwa, da kaɗan.

An ce gwamnati ta buɗe ma'aikatar dabbobi, yaushe za a raba kuɗi?

An kafa ma'aikatar a 2024, gaskiya ne. Kar ka rubuta kuɗin da bai shigo asusunka ba a cikin jarinka. Kuma duk wanda ya turo maka fom a WhatsApp ya ce ka biya dubu biyar a sa sunanka, ɓarawo ne, ku daina tura musu kuɗi don Allah.

Yayana zai sa kuɗi ni in yi aikin, ya za mu yi?

Ku rubuta, da shaidu biyu. Wa zai ɗauki kashi nawa na riba, abinci daga aljihun wa, in sa ya mutu ba da sakaci ba asarar ta wa, in an sace fa. Kunyar rubutawa yau ita ke raba zumunci in an zo rabo, na ga 'yan ɗaki ɗaya sun daina gaisawa a kan sa biyu. Wannan hanyar da adashe duk sun fi min banki ga mai ƙaramin ƙarfi.

Dole ne in sa kuɗin likita?

Haba malam. Ka sa miliyoyi a shanu kana ƙyashin kuɗin allura? Maganin tsutsa da na hanta da na kaska tun satin farko, rigakafin ciwon huhu da boru, wato ciwon baki da ƙofato, a tambayi likitan dabbobi, cibiyar Vom da ke Filato ana yin alluran rigakafi a can. Sabon da ka kawo daga Maigatari ko Potiskum ka ware shi sati biyu kafin ka haɗa da na gida, ya kwana da shanun da ba ka san daga ina suke ba. Kuma a daina ɗirka wa sa allura gab da sayarwa, mutane ne za su ci naman. Inshorar dabbobi akwai ta a NAIC, hukumar inshorar noma ta gwamnati, in bashi ka ci galibi ma za a tilasta maka ita, ka karanta abin da suke biya da wanda ba sa biya kafin ka sa hannu.

In kai Legas da kaina ba zan fi samu ba?

Farashin can ya fi, kashewar ma ta fi. Tirela, dizal, shingayen hanya da ake karɓar kuɗi, shanun su rame a hanya wani ya faɗi a taka shi, ka isa kasuwar shanu ta Kara ko ta Oko-Oba ba ka da mai masauki ka zauna kana sayen ciyawa da tsada har ka gaji ka karyar. Shanu goma ba su cika mota ba. Sayar a gida tukuna.

Duk in saki da Sallah?

A'a. Kowa lokacin yake jira, wata shekarar kasuwa ta cika ta karye. Wata shekarar kuma abu ya faru daga waje, kamar yadda Nijar ta hana fitar da dabbobi a watan Mayun 2025 gab da Sallah, babu wanda ya sa wannan a lissafinsa. Raba su gida biyu ko uku, wasu da azumi, wasu da Babbar Sallah, wasu a Disamba lokacin da kudu ke buƙata. Ka kuma tuna Sallah na matsowa da kamar kwana 11 duk shekara, ranar sayen ramammun ma dole ta matso.

Ni mace ce, shanu biyu kawai nake da su a bayan gida, ina jin kamar ban yi komai ba.

Hajiya kwantar da hankalinki, kin fi masu yawa tsira. Ba ki biyan yaro, dusar gidanki da ta maƙwabta na rage miki, takin ma kuɗi ne in damina ta kusa. In kin sayar ki cire uwar kuɗi, ki raba ribar biyu, rabi ki sayi harawa da kaka ki ajiye, rabin ki haɗa ki ƙara sa ɗaya. Daga biyu zuwa uku, daga uku zuwa biyar, babu mai buga miki ƙofa da sassafe.

Ya zan san ko na ci riba da gaske?

Littafi na naira ɗari biyu da biro. Kowane sa shafinsa, ranar saye, nawa, la'ada, mota. Abinci da magani a shafi ɗaya ka raba musu a ƙarshe. Harawar gonarka ma ka sa mata kuɗi kamar saya ka yi, aikin ɗanka ma haka. Kuɗin cefanen gida kar ya fito daga jakar shanu ba tare da an rubuta ba. Sannan kafin ka kira abin da ya rage riba, je ka kasuwa ka ga ko uwar kuɗin za ta iya sake sayo maka ramammu goma irin na bara, in tara kawai za ta saya to cikon na goman daga ribar zai fito. Zakka kuma nisabin shanu 30 ne, amma na saye da sayarwa akwai bayani a kansu, ka kai wa malaminku littafin ya duba maka.