Waiwaye: Yadda mai ya raba Ogoni da su da noma

A farkon 2025 gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta fara zama da shugabannin Ogoni kan yadda za a koma haƙo mai a ƙasarsu, aka ɗora wa mai ba shi shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, jagorancin tattaunawar. Wanda bai san tarihin wurin ba zai yi mamakin a ce sai an yi lallashi kafin mutane su yarda a tono arzikin da ke ƙarƙashin gonakinsu. Tun 1993 aka daina haƙo mai a Ogoni, kuma dalilin ya girmi wannan shekara nesa ba kusa ba.

Ƙasar Ogoni ƙananan hukumomi 4 ce a jihar Ribas: Eleme da Gokana da Khana da Tai, faɗinta kusan murabba'in kilomita 1,000. Kafin zuwan mai, sana'ar mutane biyu ce. A tudu ana noma doya da rogo da ayaba. A ruwa kuma ana su, cikin rafukan da suka ratsa dazukan mangurof, wato itatuwan nan masu dogayen saiwoyi da ke tsaye cikin ruwan gishiri. A tsakanin saiwoyin kifi ke hayayyafa. Idan ruwa ya janye, mata su shiga taɓo da kwando su tsinto ƙaguwa da ƙananan dodon koɗi, a ci wasu a kai wasu kasuwa. Sana'a ce da ba ta bukatar jari, ko kwale-kwale ba dole ba ne, shi ya sa matar da mijinta ya rasu ke iya riƙe 'ya'yanta da ita. A ganina wannan ce hasarar da lissafin ganguna da na diyya bai taɓa kamawa ba.

A 1956 kamfanin Shell-BP ya samu mai mai yawa a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yau. A 1958 aka fitar da kashin farko zuwa ƙetare, kuma a shekarar ce aka samu mai a Bomu, cikin Ogoni. Daga nan dokoki suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Dokar man fetur ta 1969 ta mallaka wa gwamnatin tarayya duk man da ke ƙasa. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kanta a hannun gwamna, ya zama abin da manomi zai iya nema kawai shi ne kuɗin amfanin gona da itatuwan da aka lalata masa. Kason da ake mayar wa yankin da aka samo arziki, wanda ya kai kashi 50 cikin 100 a Jamhuriya ta Farko, ya yi ta zaftarewa har ya koma kashi 1.5 a farkon shekarun 1980. Sai a kundin tsarin mulki na 1999 aka tsayar da shi a kashi 13, shi ma aljihun gwamnatocin jihohi yake shiga.

Iskar gas ɗin da ke fitowa tare da ɗanyen mai kuwa, ƙona ta ake yi dare da rana a gefen ƙauyuka. Wata doka ta 1979 ta ce a daina daga 1984. An yi ta ɗage wa'adin, kuma har yau wutar na ci a wurare da dama a Neja Delta.

A 1990 aka kafa MOSOP, ƙungiyar fafutukar kare al'ummar Ogoni, ta miƙa wa gwamnatin Janar Babangida takardar haƙƙoƙin al'ummar Ogoni. Ranar 4 ga Janairun 1993 kimanin mutum 300,000 suka fito zanga-zangar lumana, kuma kafin shekarar ta ƙare Shell ya dakatar da haƙo mai a yankin. Abin da ya biyo baya sananne ne: kisan wasu manyan Ogoni 4 a Gokana a watan Mayun 1994, mamayar sojoji, kotun musamman, sai rataye jagoran MOSOP Ken Saro-Wiwa da mutum 8 bisa zargin wannan kisa a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamban 1995, zamanin Janar Abacha. Aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. A watan Yunin 2025 Tinubu ya yi wa mutum 9 ɗin afuwa, amma 'yan gwagwarmayar yankin suka ce afuwa ta mai laifi ce, su wankewa suke nema.

Rufe rijiyoyi bai kawo ƙarshen malala ba, domin manyan bututun da ke kai ɗanyen mai daga wasu wurare zuwa tashar Bonny ta cikin Ogoni suka bi. A 2008 ɗaya daga cikinsu ya fashe har sau biyu a garin Bodo, garin masunta a Gokana. Malalar farko ta shafe fiye da wata 2 kafin a toshe. Ruwa na cika yana janyewa sau biyu a yini, duk cikar da ya yi sai ya ƙara tura man cikin daji ya shafa wa saiwoyi. Itatuwa suka bushe a tsaye, kifi ya mutu, wanda ya tsira ya yi nisa zuwa teku inda mai ƙaramin kwale-kwale ba ya iya bin sa. Masu tafkunan kiwon kifi suka wayi gari ba su da komai. Lauyoyin mutanen garin sun ce tayin farko da aka yi wa al'ummar gaba ɗaya fam 4,000 ne. Sai da suka kai ƙara Landan, sannan a Janairun 2015 Shell ya amince ya biya fam miliyan 55: miliyan 20 na gari, miliyan 35 a raba wa mutum 15,600. Kowa ya tashi da kusan naira 600,000 a canjin lokacin. Kuɗi ne mai auki a ƙauye, ba shakka, an yi rufin kwano an biya kuɗin makaranta. Amma masunci ya shekara 6 ba ya su, kuma ranar da aka biya shi rafin yana nan baƙi ƙirin.

Akwai wani abu a tsarin diyya da ya kamata a fahimta. Idan bincike ya nuna fasa bututu aka yi da gangan, doka ba ta wajabta wa kamfani biyan diyya ba. Tawagar da ke zuwa duba wurin malala ta haɗa da kamfanin, da NOSDRA, hukumar gwamnati mai sa ido kan malalar mai da aka kafa a 2006, da wakilan gari, amma sau da yawa jirgin ruwa da kayan awo na kamfanin ne. Shell ya daɗe yana cewa akasarin malalar aikin ɓarayin mai ne, mutanen gari kuma su ce bututun ne suka tsufa suka ruɓe. Ko wanne da gaskiyarsa, gwargwadon wuri da lokaci, sai dai wanda ake tuhuma shi ke riƙe da ma'auni.

Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Agustan 2011 ya rufe bakin masu musu. Cikin wata 14 masana suka duba wurare fiye da 200 da bututu mai tsawon kilomita 122. A Nisisioken Ogale sun iske mutane na shan ruwan rijiya mai sinadarin benzin, wanda ke jawo sankara, har ninki 900 na ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. A kusa da rijiyoyin, tataccen mai mai kaurin santimita 8 ne ke yawo a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa. A wasu wuraren mai ya nutse fiye da mita 5, ma'ana kankare saman ƙasa da 'yan kwangila ke yi su ce sun share ba ya taɓa ciwon. Rahoton ya ce gyara zai ci shekara 25 zuwa 30, a fara da dala biliyan 1. An kafa HYPREP, shirin gwamnati na share wuraren da mai ya gurɓata, a 2012, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da aikin a Bodo a watan Yunin 2016, amma 'yan kwangila ba su shiga fili ba sai 2019, kuma an yi ta ƙorafin an ba kamfanonin da ba su san aikin ba.

To, matashin da ubansa masunci ne, ruwa ya mutu, gona ta daina bayarwa, me zai yi? Abin da ya rage masa mai ne: ko gadin bututu, ko fasa shi. Afuwar da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009 ta kwantar da tarzoma, tana biyan naira 65,000 a wata ga kimanin mutum 30,000, sai dai wanda bai ɗauki bindiga ba bai shiga lissafi ba. Cikin dazuka haramtattun matatu da ake kira kpofire suka yaɗu: a huda bututu, a dafa ɗanyen mai a tankin ƙarfe, a ɗebi gas da kananzir, a zubar da dagwalon a rafi. Daga ƙarshen 2016 mutanen Fatakwal suka fara tashi da kunkunniya a kan mota da shanya da cikin hanci. Jami'an tsaro idan sun kama matatar sukan cinna mata wuta, hayaƙin ya ƙaru. A Afrilun 2022 wata ta yi bindiga a iyakar Imo da Ribas, mutum fiye da 100 suka ƙone.

Dokar masana'antar mai ta 2021 ta ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwar kamfani ga garuruwan da yake aiki a cikinsu, tare da sharaɗin cewa idan aka lalata kayan aiki a yankin, daga kason garin za a cire kuɗin gyara. Wannan doka ce za ta yi aiki a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, inda Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙo mai a Nuwamban 2022, kuma can ma manoma da makiyaya ne ke zaune.

HYPREP yana dasa mangurof yana koya wa matasa sana'o'i, kuma an kai ruwan famfo wasu garuruwa. Amma itacen na bukatar shekaru kafin kifi ya dawo gindinsa, kuma inda ya mutu wani baƙon kaba da Turawa suka kawo Kalaba a 1906 yakan riga shi mamaye wurin, shi kuwa ba ya tara kifi kamar na asali. Ana cikin haka, a Maris ɗin 2025, Shell ya kammala sayar da reshensa mai aiki a tudu ga kamfanin Renaissance, wanda akasarin masu shi 'yan Najeriya ne. Hukumar da jihar Bayelsa ta kafa ƙarƙashin John Sentamu, tsohon babban limamin cocin York a Ingila, ta ƙiyasta a 2023 cewa share jihar kaɗai zai ci dala biliyan 12. Mutanen garuruwan Ogale da Bille, da suka kai ƙarar Shell a Landan tun 2015, an sa musu 2027 don cikakken sauraron shari'ar.