Barin aiki saboda rashin lafiya: abin da dokar fansho ta tanada

A Katsina da Daura ana yawan ganin ma'aikacin da hawan jini ko ciwon suga ya ci ƙarfinsa tun shekarunsa na aiki ba su cika ba, kamar direban da ganinsa ya ragu har ba ya iya tuƙi da magariba, ko malamin da shanyewar ɓarin jiki ta hana shi riƙe alli. A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya ana ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 ta aiki, amma Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta yi tanadi ga wanda jikinsa ya gaza kafin lokacin.

Dokar ta shafi ma'aikatan tarayya, irin na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da na kamfanoni masu zaman kansu, yayin da ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi ke bin dokar fanshon jiharsu. Duk wata ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, ma'aikatarsa ta ƙara kashi 10, a zuba a asusun ritayarsa. A ƙa'ida ba a taɓa wannan kuɗi sai ya kai shekara 50 kuma ya bar aiki, sai dai sashe na 16 ya keɓe wanda ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar cewa ba zai iya ci gaba da aikinsa ba saboda lalurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa. Irin wannan ma'aikaci yana iya karɓar wani kaso a dunƙule, sauran kuma a riƙa biyansa wata-wata, ko da bai kai 50 ba. Idan Allah ya ba shi sauƙi ya sake samun aiki, dokar ta yarda ya koma cikin tsarin.

Takardar likitocin nan ita ce ginshiƙin lamarin, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin asara. Wanda ya rubuta takardar ajiye aiki kawai yana ƙasa da 50, sai ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba kafin a ba shi kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa, ragowar kuma ta jira cikar shekarunsa. Wanda kuma ya kwanta a gida ba tare da sanar da ofis ba, ana iya ɗaukar hakan a matsayin ƙin zuwa aiki, alhali yana fama da jinya. A ganina kunyar bayyana ciwo ba ta kai a yi wannan asara dominta ba.

Ya kamata kuma a san cewa fita da wuri tana rage fansho, domin shekarun tarawa sun ragu, na ci kuwa sun ƙaru. Idan aikin ne ya jawo ciwon ko raunin, akwai diyya ta daban ƙarƙashin Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa, kuma ma'aikatar da ta ɗauki mutum aiki ce ke zuba kuɗinta, ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci.