Furannin daji masu launin rawaya na dangin furen rana a Afirka ta Yamma

Dangin furen rana, wanda masana tsirrai ke kira Asteraceae, na daga cikin manyan dangogin tsirrai masu fure, da nau'i fiye da 23,000. Shuwaka da kashin yawo duk 'yan gidan ne. Masu furen rawaya a cikinsu suna kama da juna ƙwarai, musamman a ƙarshen damina da suke cika bakin hanya da gefen gonaki, don haka launi kaɗai ba ya raba su.

Abin da ido ke ɗauka fure ɗaya, tarin ƙananan furanni ne a kan faifai guda, wato kan furen. In aka tsaga kan da farce, aka duba da gilashin da ke ƙara girma sau 10, sau da yawa za a ga furanni iri biyu: na tsakiya masu siffar ƙaramin bututu, da na gefe masu dogon harshe. A ƙarƙashin kan akwai koren ganyayyaki ƙanana da suka rungume shi kamar kwano.

Gwaji na farko shi ne a karya kara. In farin ruwa kamar nono ya fito, kuma duk furannin kan masu harshe ne, babu na bututu, to shukar daga ɓangaren latas take. Launaea taraxacifolia, wadda Yarbawa ke kira yanrin suna cin ganyenta, haka take, kuma 'yar asalin yankin ce.

In babu farin ruwa, sai a koma ga ganye. Aspilia africana, ita ma 'yar ƙasa, ganyenta biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna a kowace gaɓa. Ganyen ba shi da rabe-rabe, yana da tsini, da jijiyoyi uku da ke tashi daga gindinsa, kuma in aka shafa shi sai a ji kaushi kamar harshen saniya. Tana iya kai tsayin mita 2. An san ta a maganin gargajiya: ana murza ganyen a matse ruwansa kan sabon rauni don tsayar da jini.

Wadda aka fi rikita ta da ita ita ce Melanthera scandens. Wannan takan jingina da wasu tsirrai ta hau su, kuma kararta mai kusurwa huɗu ce. Sai dai hujja mai ƙarfi tana ga irin da furen ke haifarwa: na Aspilia yana da ɗan kambi mai kamar ƙoƙo a samansa, na Melanthera kuwa siraran gashi ne da ke zuba da an taɓa. Shi ya sa mai tattara samfuri ya kamata ya ɗauki kan da ya bushe tare da ɗanye. Fure kaɗai ba ganye ba iri, sau da yawa ko gwani ba zai iya yanke hukunci a kansa ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar baƙuwa a matsayin 'yar gida don kawai ta yawaita. Tithonia diversifolia daga Meziko da Amurka ta Tsakiya ta zo, ta mamaye bakin hanyoyi a kudu maso yammacin Najeriya. Takan wuce mita 2, kanta ya fi na Aspilia girma nesa ba kusa ba, ganyenta ɗaya-ɗaya yake fitowa, a rabe gida 3 zuwa 5, kuma sandar da ke ɗauke da kan takan kumbura daga sama, cikinta rami. Kashin yawo ma, duk da sunansa na Hausa, asalinsa nahiyar Amurka ne. Furensa ƙarami ne a maƙale tsakanin rassa, an fi gane shi da 'ya'yansa masu ƙaya da ke jeruwa kamar tauraro suna manne wa gashin awaki da bakin wando.