Talabijin na Bango: Zaɓe da Riƙo a Damagaram

Talabijin na bango shi ne akwatin kallo mai shafaffiyar fuska da siririn jiki, wanda ake kafawa a garu ko a ɗora bisa tebur. Shi ya gāji tsohon talabijin mai ƙugu, wanda sai mutum biyu sun kama ake ɗaga babbansa. A Damagaram galibi "filasma" ake ce masa ko wane iri ne, ko da yake ainihin filasma, wadda wata irin fuskar talabijin ce daban, an daina ƙera ta tun 2014, shekarar da Panasonic da Samsung da LG suka rufe aikinta. Kusan duk sabon da ake gani yau a kantunan garin LCD ne mai fitilun LED a bayansa.

Asali da yadda yake aiki

An ƙirƙiro fuskar filasma a Jami'ar Illinois ta Amurka a 1964, amma sai ƙarshen shekarun 1990 ta shiga gidajen mutane. Gidan talabijin na NHK a Japan ne ya yi gaba wajen binciken hoto mai tsananin fitowa, wanda ake kira HD, Amurka kuma ta fara watsa shi ta hanyar dijital a 1998. A ƙarshen 2007 cinikin LCD a duniya ya zarce na mai ƙugu, daga nan bai sake waiwaye ba.

Fuskar LCD ba ta da hasken kanta. Jerin ƙananan fitilu ne a baya suke haskawa, gilashin gaba kuma ya kasu zuwa miliyoyin ɗigogi, kowane ɗigo yana da ƴan tagogi uku, ja da kore da shuɗi, da ke buɗewa ko rufewa gwargwadon hoton da ake so. QLED da Samsung ke tallatawa tun 2017 shi ma LCD ne, an dai ƙara masa wani shimfiɗi mai gyara launi. OLED ne ya fita daban, domin kowane ɗigonsa da kansa yake ba da haske, shi ya sa baƙinsa yake fitowa baƙi ƙirin. LG ya fito da mai inci 55 a 2013. Tsadarsa ta sa ba kasafai ake ganinsa a nan ba.

Ɗigogi da inci

Yawan ɗigo shi ne abin da haruffan jikin kwali suke nufi. HD yana da 1280 a kwance da 720 a tsaye, sai dai yawancin masu inci 32 da aka rubuta wa "HD Ready" suna da 1366 da 768. Full HD yana da 1920 da 1080, wato ɗigo miliyan biyu da ɗoriya. 4K kuma 3840 da 2160 ne, ninki huɗu na Full HD. Tsohon hoton da aka saba da shi layi 576 ne kawai ido ke gani a cikinsa.

Incin da ake faɗa ana auna shi ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ba faɗin akwatin ba, kuma ban da bakin roba. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Mai inci 32 santimita 81 ke nan, mai 43 santimita 109, mai 55 kuwa 140. Wanda ya je kanti da awon tela a aljihu ba zai biya kuɗin 43 a ba shi 39 ba, kuma hakan na faruwa da kayan da ba a san masana'antarsu ba.

Nisan zama ke nuna ko ƙarin ɗigo yana da amfani. Idon mai lafiya, in ya wuce kimanin mita ɗaya da santimita 70 daga fuska mai inci 43, ba ya rarrabe 4K da Full HD. A mai inci 32, daga wajen mita biyu HD da Full HD sun zama ɗaya. A ɗakin da ake zama mita uku daga garu, kuɗin da za a ƙara don 4K gara a ƙara shi a girman fuska ko a na'urar daidaita wuta.

Akwai kuma batun gefe. Gilashin LCD iri biyu ne suka fi yawa. Na VA baƙinsa ya fi kyau, amma wanda ke zaune a gefe ko a ƙasa sai ya ga launi ya koɗe. Na IPS yana riƙe launinsa ta kowace kusurwa. A gidan da ake kallo mutum goma, maigida bisa kujera, yara a tabarma, wasu daga bakin ƙofa, IPS ya fi dacewa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a kunna shi a kanti, mai saye ya tsuguna ya kalla daga ƙasa, ya koma gefe ya sake kallo.

Inda hoton yake fitowa

Nan ne masu saye da yawa suke shan mamaki. A kanti hoton da aka tanada musamman ake sa wa a kile (ƴar na'urar ajiyar fim da ake soka wa a ramin USB), furanni da tsuntsaye, har gashin fiffike ana ƙirgawa. An kai gida an haɗa, sai fuskar mai karanta labarai ta fito dishi-dishi, a ce an yi ha'inci. Sau da yawa ba laifin akwatin ba ne. Talabijin ba ya ƙirƙirar abin da ba a aiko masa ba; in tasha tana watsa layi 576, shimfiɗa su zai yi su cika fuskar, kuma iya girman fuskar iya bayyanar aibin.

Talabijin a Nijar ya faro ne a 1964 a matsayin na koyarwa a makarantu, kafin Télé Sahel ta zama tashar ƙasa a ƙarshen shekarun 1970. A zamanin analog Nijar tana bin tsarin launi na SECAM irin na Faransa, Najeriya kuma PAL. Tsofaffin masu gyara a Damagaram sun san wannan matsala: a sayo akwati daga Kano, ya kama Télé Sahel fari da baƙi, wani lokaci babu murya, sai an kai an yi masa dabara. Na yanzu suna karɓar tsarin duka biyu. Abin dubawa a yau shi ne DVB-T2, tsarin dijital na eriya da ƙasashen Afirka ta Yamma, har da Nijar, suka zaɓa saboda wa'adin 17 ga Yuni 2015 da hukumar sadarwa ta duniya ta sa don barin analog. Akwatin da ba shi da shi sai an haɗa masa dikoda kafin ya kama tashoshin dijital ta eriya. Mai DVB-S2 kuma yana karɓar wayar farantin tauraron ɗan Adam kai tsaye, ya kama tashoshin kyauta ba tare da dikoda ba.

Gidaje da yawa da faranti suke kallo, wasu da kuɗin wata na Canal+ saboda ƙwallon Turai da gasar cin kofin Afirka, wasu tashoshin kyauta, ciki har da Arewa24 da ta fara aiki a 2014 da shirye-shiryen Hausa zalla. Amma ko dikoda mai HD ce, in aka haɗa ta da tsohuwar wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, hoton zai tsaya a layi 576. Wayar HDMI ce kaɗai ke ɗauko shi cikakke tare da murya. Gida nawa ne ke biyan kuɗin HD wata da watanni suna kallo ta wayar rawaya! Ita HDMI ɗin ba sai mai tsada ba. A tsawon mita biyu, mai araha da mai tsada hoto ɗaya suke kawowa.

Masu shiga intanet, waɗanda ake kira Smart, suna buɗe YouTube inda finafinan Hausa masu dogon zango suka koma da zama. Sai dai awa ɗaya ta kallon HD tana iya cin giga uku, 4K kuwa har bakwai. Shi ya sa har yanzu mutane ke kai kile wurin masu turi a cika musu. Mai wannan ɗabi'a ya tabbatar akwai ramin USB, ya kuma gwada nasa kilen kafin ya biya, don wasu akwatunan kan nuna hoton fim su ƙi muryarsa.

Wuta, zafi da ƙura

Waɗannan uku su ne ke yanke wa talabijin kwana a Damagaram. Wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, volt 220 ce. Yankin Maraɗi da Damagaram yana samun wani kaso nata daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa, wani kuma daga injunan cikin gida, har da na matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 arewa da garin. Da Najeriya ta yanke layin a Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, an sha ɗaukewar wuta har zuwa Maris 2024. Ɗaukewar ba ita ke kashe akwati ba, dawowar ce, domin wuta kan dawo da ƙarfi a daƙiƙun farko. Ƙa'idar gida ita ce da an ɗauke a zare, in ta dawo a ɗan jinkirta. Regilata, na'urar daidaita wuta, tana maganin hawa da sauka, amma ba ta tare tsawa. Da damina, in hadari ya haɗo, a zare wayar wuta da ta faranti duka biyu, don tsawa ta kan biyo ta faranti ta ƙone dikoda ta wuce ta HDMI. Hoton faranti da ke yankewa lokacin ruwan sama mai ƙarfi ba lalacewa ba ce, yakan dawo da kansa. In bai dawo ba, iska ce ta gusar da farantin.

Wajen cin wuta na bango ya yi sauƙi. Mai inci 32 yana cin wat 30 zuwa 50. In aka ɗauki 40, awa biyar kullum, kilowat-awa 6 ke nan a wata. Tsohuwar filasma mai inci 42 ta kan ci wat 200 ko fiye, kuma tana dumama ɗaki. Wannan ya sa na LED ya dace da hasken rana. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 100, in aka sha rabinsa kawai don kada ya mutu da wuri, zai riƙe talabijin da dikoda masu cin wat 50 wajen awa goma ko fiye kaɗan. Akwai ma waɗanda ke aiki da volt 12 kai tsaye, su ne suka kai kallo ƙauyukan da layin wuta bai je ba.

Yawancin masana'antu suna rubuta cewa kada zafin wurin ya wuce digiri 40. A Afrilu da Mayu Damagaram kan wuce haka a inuwa ma, balle ɗakin kwano da rana tsaka. Zafi yana tsofar da fitilun baya, yana kumbura ƴan gwangwanayen da ke allon wuta. Akwati kan zo daga kanti a kan hasken talla, wanda ya ƙure. Rage hasken baya zuwa rabi ko sama kaɗan yana ƙara wa fitilun shekaru, ido ma ya huta da dare. A bar tazara tsakaninsa da garu, kada a cusa shi cikin kabad. Mayafin da mata ke ɗinka masa yana da amfani da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ko ta ina, amma sai yana kashe ya huce. Ita ƙurar rairayi ce mai laushi: a fara kaɗe ta, sannan a shafa da busasshen ƙyalle mai taushi. Ruwan da aka fesa wa gilashi yakan gangara ƙasan fuska inda siraran wayoyi suke, ya bar layi a tsaye wanda ba ya gyaruwa.

Kafawa

A garun siminti ƙarfen rataya da kusoshi huɗu sun isa. Garun ƙasa irin na unguwar Birni da tsofaffin gidajen unguwar Zango ba ya riƙe kusa da nauyi, tana sassautawa a hankali. A irinsa sai a dasa katako cikin garun, ko a haƙura da tebur. In tebur ne, a ɗaure bayan akwatin, domin ƙafafunsa sirara ne kuma yaro mai rarrafe yana iya jawo shi. An fi son tsakiyar fuskar ta yi daidai da idon mai zama. Al'adar kai shi can kusa da rufi don ado, musamman a jeren ɗakin amarya inda ya zama cikin kayan da ake nunawa, tana gajiyar da wuyan mai kallo daga tabarma.

Saye da gyara

Kayan suna shigowa ta hanyar Kano, wadda ta fi Yamai kusa ƙwarai, wasu kuma daga tashoshin ruwa na gaɓar teku. Na Najeriya kan zo da kan waya mai ƙafa uku masu kusurwa, alhali ramukan nan na ƙafa biyu zagayayyu ne. Gara a sayi mahaɗi mai kyau da a cusa tsirarar waya. Samsung da LG da Hisense da TCL sanannu ne, sanannen suna kuma shi ake liƙa wa jabu. Sunan da ke fitowa lokacin kunnawa da lambar da ke bayan akwati su dace da na kwali. A sa a nuna fari zalla, sannan baƙi zalla: ɗigon da ya mutu da tabon haske nan suke tona kansu. Takardar garanti da sunan kanti a jiki ta fi alkawarin baki. Na hannu daga Turai sau da yawa tsohon DVB-T gare su, ba T2 ba, na Amurka kuma wasu volt 120 kawai suke ɗauka, tsarin eriyarsu ma daban ne.

In akwati yana magana amma fuska ta yi duhu, a haska gilashin da tocila dab da shi. In an hango inuwar hoto, fitilun baya ne suka mutu, kuma masu gyara suna sauya jerinsu. In ko ɗan jan hasken gaba bai kama ba, galibi allon wuta ne, shi ma ana gyarawa. Gilashin da ya tsage ne ba shi da magani, domin kuɗin sabonsa ya kusa na akwatin gaba ɗaya. Irin wannan masu gyara kan saye shi da araha su cire allunan ciki da fitilu su tayar da wani, shi ya sa gawawwakinsu suke jingine a bakin rumfunan gyara.