Kifin Zebra a Binciken Sankarar Jini

Kifin zebra ɗan ƙaramin kifin ruwan daɗi ne, tsawonsa kamar santimita 4. Asalinsa ƙoramu da fadamun shinkafa na Indiya da Bangaladash, kuma zanen jikinsa mai kama da na jakin dawa ne ya jawo masa sunan. George Streisinger na Jami'ar Oregon a Amurka ne ya shigo da shi ɗakin bincike a shekarun 1970. Nazarin da aka wallafa a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a jikinsa.

Jininsa ma yana da jajaye da fararen ƙwayoyi irin na mutum, sai dai a ƙoda ake samar da su, ba a ɓargo ba. A 2003 David Langenau da abokan aikinsa a cibiyar Dana-Farber ta Boston suka dasa wa kifin ƙwayar gado ta Myc, wadda ke ingiza ƙwayoyin jiki su yi ta hayayyafa, ya kamu da sankarar fararen ƙwayoyin jini nau'in T. Sun sa ƙwayoyin cutar suna ƙyallin kore, ana kallon bazuwarsu a jikin kifi mai rai.

Babban amfanin da ake sa ran zai yi wa majinyaci yana wajen zaɓen magani. Ana ɗibar ƙwayoyin sankara daga jini ko ɓargon mara lafiya, a yi musu launi, a tsira su da allura cikin 'ya'yan kifi masu kwana biyu. A wannan lokaci jikinsu garau yake kamar gilashi, garkuwar jikinsu kuma ba ta ƙosa ba, don haka ba sa yaƙar baƙin ƙwayoyin. Sai a raba 'ya'yan kifin kashi-kashi, a zuba wa kowane kashi magani daban a ruwa. Cikin kamar mako guda ake ganin maganin da ya ci ƙarfin cutar, alhali in a jikin ɓera aka yi irin wannan gwaji sai an kwashe watanni. Ga mai zazzafar sankarar jini, wanda ba ya iya jira, wannan tazara ba ƙarama ba ce.

Akwai cikas. Kifin ya fi son ɗumin digiri 28 a ma'aunin Celsius, ƙwayoyin mutum kuwa 37, shi ya sa ake riƙe su a wajen 34, wanda bai dace da kowannensu sosai ba. Maganin da ba ya narkewa a ruwa yana da wuyar aunawa. Har yanzu hanyar tana matakin gwaji, ba ta zama aikin yau da kullum a asibiti ba.