Sauya wa tayoyi wuri a motar da tayoyinta na baya suka fi na gaba faɗi

Yaya ake gane irin wannan mota?

Ana ganewa daga lambobin da ke jikin taya. A wasu motocin BMW 3 Series, alal misali, za a ga 225/45 R17 a gaba, a baya kuma 255/40 R17. Lambar farko faɗin taya ce da milimita, wato ta baya ta fi ta gaba da milimita 30. Haka ake ƙera Porsche 911 da Chevrolet Corvette, domin ƙarfin injinsu yana sauka ne a ƙafafun baya, kuma taya mai faɗi ta fi kama kwalta.

Shin ana iya mayar da na gaba baya, na baya gaba?

A'a. A motar da tayoyinta huɗu girmansu ɗaya ne, an saba yin wannan sauyi bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000 don su ci daidai, amma a nan ba ya yiwuwa. Idan aka sa mai faɗin a gaba tana iya gogar jikin mota lokacin da aka murɗa sitiyari, abin da ya fi haɗari kuma shi ne siririyar da ta koma baya ba za ta riƙe motar a kwana ba, sai bayan motar ya zame, musamman idan an yi ruwa.

To daga hagu zuwa dama fa?

Wannan ya danganta da zanen tayar. Idan akwai kibiya a gefenta tare da kalmar "Rotation", an yi ta ne don ta juya ta fuska ɗaya kawai, saboda zanenta ya riƙa watsar da ruwa. Kai ta ɗaya gefen tare da rim ɗinta zai sa ta juya a baibai, don haka dole mai faci ya cire ta daga rim, ya ɗora ta a kan na ɗaya gefen, sannan a sake yin balansin. Wadda aka rubuta wa "Outside" kuwa ana iya kai ta ɗaya gefen da rim ɗinta ba matsala, tunda fuskar waje tana nan a waje.

Amfanin ya kai wahalar?

A ganina sau da yawa bai kai ba. Motocin nan ana saita ƙafafunsu na baya su ɗan karkata ciki ta sama, shi ya sa bakin ciki na tayar, wato gefenta da ke fuskantar ƙarƙashin motar, ke riga sauran cinyewa. Idan aka sauya gefe tare da rim, bakin ciki yana komawa ciki ne, ba abin da ya canja. Irin wannan sauyin tare da rim yana da amfani ne kawai idan taya ɗaya ta fi 'yar uwarta ci, kuma ko a nan gara a fara duba alayimen, wato saitin ƙafafun motar, domin galibi daga can matsalar take.

Me ya kamata mai motar ya riƙa yi?

Ya auna iska bisa takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, domin gaba da baya kan bambanta. Ya riƙa leƙa bakin ciki na tayoyin baya, inda ido ba ya kaiwa daga tsaye. Idan zurfin zane ya sauka zuwa milimita 1.6, a canja tayoyi biyun da ke jere ɗaya (na baya biyu ko na gaba biyu) tare, da girman da kamfanin ya ƙayyade.