In ɗanku ya fito daga gidan yari yana tari, dan Allah kar ku tsaya a kemis

Salamu alaikum jama'a. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, a ɓangaren tarin fuka nake zama a wani ƙaramin asibitin unguwa a Kano, mu ne masu karɓar kaki a kai gwaji mu kuma ba da magani. Watannin baya wata dattijuwa ta kawo min jikarta 'yar shekara uku, yarinya duk ta rame, zazzaɓi yau ya tafi gobe ya dawo, an sha maganin maleriya har an gaji. Na ce Inna akwai mai tari a gidan? Ta ce babu. Can sai ta ce to sai dai kawunta, amma shi nasa sanyi ne ya kama shi da ya yi tafiya. Na ce tafiya ina? Sai da ta waiga ta ga ba kowa a bayanta sannan ta rage murya, wai wata 14 ya yi a tsare yana jiran shari'a kan rigimar waya, ƙarshe ma mai ƙarar ya daina zuwa kotu aka sallame shi.

Washegari ta zo da shi. Saurayi ne da bai fi ashirin da 'yan kai ba amma ya ɗaure wando da igiya dan ya yi masa yawa, tsakanin yatsunsa duk kazuwa, yana magana yana susa. Kwalba uku ta maganin tari ya shanye daga kemis tun fitowarsa. Na ba shi robar kaki, sakamako ya fito, tarin fuka ne. Ita ma yarinyar shi ne. A ɗakin kakar yarinyar yake yini tunda kunyar fita majalisa yake, yarinyar kuma kullum tana cinyarsa.

Da na tambaye shi yadda kwanan yake a can, cewa ya yi a gefe ɗaya ake kwanciya, in mutum ɗaya zai juya sai duk layin sun juya, taga 'yar mitsitsiya can sama, bokitin bahaya a lungu kuma sabon zuwa shi ke kwana kusa da shi. Ya ce da daddare tari kake ji ta ko'ina. Toh ai mu a aikinmu wannan shi ne ainihin inda ƙwayar cutar take so, dan ta iska take bi, mai ita ya yi tari ko atishawa ta tsaya tana yawo a ɗakin da ba iska ba rana, kowa ya shaƙa. Ga yunwa, gabzar da ake ci ba ta gina jiki, kuɗin abincin fursuna ɗaya a rana naira 750 ne har zuwa 2024 da aka mai da shi 1,125, ku da kuke zuwa kasuwa ku lissafa abun da wannan zai saya sau uku. Jikin da ba ƙarfi ko ƙwayar tana kwance shiru a ciki tashi take yi.

Kuma cunkoson ba ɓoyayyen abu ba ne. Mutanen da ke tsare a Najeriya sun kai wajen dubu 80, kusan biyu cikin uku ba a ma yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke irin wannan yaron. Gine-ginen da yawa na zamanin Turawa ne, gidan yarin Kurmawa tun wajen 1910 yake, lokacin Kano ɗin ma nawa take. An gina sabo a Janguza mai cin mutum 3,000, madalla, amma in kotu tana ta turowa ba ta sallama ko wanne aka gina cika zai yi. Su kansu gandirobobin iskar nan suke shaƙa su koma gida wajen 'ya'yansu, ba wanda ke tuna su.

Saboda haka in naku ya fito, ko tari yake ko ba ya yi, ni shawarata a kawo shi a duba. In kuwa tarin ya kai sati biyu, ko yana gumin dare har riga ta jiƙe, ko rama, ko zazzaɓin yamma, ko jini a kaki, to ranar ma za a zo ba sai gobe ba. Gwajin kyauta ne maganin ma kyauta, in ba ku san inda za ku ba ku kira 3340 ba a cin kati. Muna haɗawa da gwajin ƙanjamau, kowa ake wa, kar wani ya ji an zarge shi. Maganin wata shida ne cif, da safe kafin a karya, fitsari zai koma ja-ja kar a tsorata aikin maganin ne. Inda ake samun matsala shi ne bayan wata ɗaya ko biyu mutum ya ji garau ya watsar, ko kuma wanda ya fara sha a ciki aka sallame shi ya fito ba kati ba takardar canjin asibiti, ya zauna abunsa. Wannan shi ke jawo tarin da ba ya jin magani, wahalarsa ba a magana. In ya ce muku ana ba shi wasu jajayen ƙwayoyi kullum a ciki, ku tambayi wata nawa ya sha ku kawo mana shi mu ɗora daga nan. 'Yan gidan ma a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da biyar, akwai maganin kariya da ake ba su.

Kuma dan Allah a daina ware masa kwano da kofi kamar kuturu, ba ta nan ake ɗauka ba. A buɗe taga, ya rufe baki in zai yi tari, ya fi zama a tsakar gida, da ya yi 'yan makonni yana shan magani yadda ya kamata hatsarin yaɗawa ya ragu sosai. Kazuwa kuma akwai na shafawa, daga wuya har tafin ƙafa, amma duk masu kwana tare za su shafa lokaci ɗaya, a wanke kaya da zannuwa da ruwan zafi a shanya a rana, in ba haka ba zagaye za ta dinga yi.

Wanda ya fi damuna ma ba a ganinsa a kaki. Yaron nan ya ce min har yanzu in aka buga ƙofa da ƙarfi zabura yake, bacci sai asuba. Wasu shiru suke yi, wasu faɗa da kowa, sai a ce ai gidan yari ya ƙara lalata shi, alhali damuwa ce kuma ana maganinta a asibiti. Tun 2019 aka canza doka aka koma cewa gidan gyaran hali, akwai koyon ɗinki da kafinta, akwai masu karatu a NOUN, jami'ar karatu daga gida, daga ciki, amma gaskiya mai jiran shari'a da wuya ya mori waɗannan, zama kawai yake cikin waɗanda suka fi shi sanin hanya. Ya fito kuma unguwa ta ƙarasa shi, ko takalmi ya ɓata a masallaci shi za a kalla, mai gareji ya ce ba gurbi, gidan da yake zance a ce kar ya ƙara zuwa. Su waye za su karɓe shi hannu bibbiyu? 'Yan ƙwaya da 'yan daba. Bayan wata shida ya koma inda ya fito mu ce dama hali zanen dutse.

Masu ɗan'uwa a ciki yanzu, ku dinga zuwa ziyara, sabulu da omo da garin kwaki da ƙuli suna da rana, kuma ku tambaye shi ko yana tari, in e ne ya matsa a kai shi asibitin cikin gidan. Ku bibiyi fayil ɗinsa a kotu, in ba kuɗin lauya akwai ofishin Legal Aid na gwamnati mai ba da lauya kyauta. Wasu tara ce kawai ta riƙe su, a ƙarshen 2023 mutum 4,068 aka saki da aka biya musu. Masu hali a unguwa ko kwamitin masallaci za su iya irin wannan ko na mutum ɗaya ne.

Shi dai yaron yanzu yana wata na huɗu da fara shan magani, ya ƙara kilo biyar, wani kafinta a layinsu ya yarda yana zuwa goge katako. Yarinyar ma ta fara gudu. Ya ce min akwai wanda suka kwana gefe da gefe wata takwas, shi ma an sallame shi kuma tarinsa ya fi nasa, ya ba ni lambarsa, sati uku kenan ina kira a kashe.